Sunan Kakana da Kawu Ya Goge

Kawuna yana da wata bishiyar nasaba a falon gidansa na unguwar Shisha, cikin gilashi, da zanen ruwan zinare. Ban taɓa ganin abin da na rena kamarta ba. Wani mai rubutu ya zana masa ita shekarar da kawun ya buɗe shagon turare na biyu, ya fara jin kunyar a ce shi ɗan Tandabawi ne, unguwar talakawa.

Kakanmu da ƙafa ya zo ƙasa mai tsarki daga Kano. Ruwa ya yi ta ɗauka a kafaɗa yana kai wa gidaje har bayansa ya tanƙware. A bishiyar kawu babu shi. A gurbinsa an saka wani shehi da babu wanda ya taɓa jin labarinsa.

Ranar wata walima na kai mahaifiyata gidan, ita ce yayar kawu. Cikin baƙin akwai wani ɗalibi daga Sakkwato mai nazarin addinai. Kawu ya ja shi gaban gilashin yana nuna rassa da sanda, sai ka ce shi ya dasa. Ɗalibin ya saurara, sannan a hankali ya ce a littattafan Ahlul Kitabi akwai wata baƙuwa matalauciya da take bin bayan masu girbi tana kala. Daga jikokinta Annabi Dauda ya fito, kuma da suka jero nasaba zuwa Annabi Isa ba su cire sunanta ba.

Kawu ya taɓe baki ya ce wannan ai tatsuniyar Yahudawa ce, ya sa a zuba gahawa. Mutumin da ya ƙirƙiro wa kansa uba, shi ne yake tantance ingancin labari! Dariya ta kusa ƙwace mini.

Da baƙi suka ragu, mahaifiyata ta shigo falon. Idonta ya yi rauni, sai ta ce in ɗora yatsanta a kan sunan babanta. Na duba kawu. Ya shagala da goge tabarau. Na ce mata babu.

Ta juya wajen kawu. Sannan ta ce masa, "Halas, shi ke nan. Ni dai da ruwan da babanmu ya ɗauko na yi maka wanka kana jariri. Ban san na wannan shehin ba."

Ta ɗauki jakarta. A mota, da muka shiga Tandabawi, ta nuna mini wani tudu ta ce nan babanta yake sauke kaya ya huta.