Gaisuwar da Ta Cinye Injina

Katanga ɗaya ce ta raba shagona da na Bakanon nan, a wani lungu na Unguwar Shanu da kwatarsa ba ta ƙafewa ko da rani. Dukanmu markaɗe muke yi da niƙa. Na riga shi zuwa layin da shekaru. Ranar da ya sauka daga Kano da 'yar jakarsa, ni na kai shi wurin mai gidan da ya ba shi haya, ni kuma na koya masa ɗaure bel ɗin inji yadda ba zai riƙa zamewa ba. Ina faɗin wannan ne don a san inda zafin yake. Da wani ne can daga nesa Allah ya ɗaga, da na ce masa barka na wuce abina.

Ni Bazazzage ne, don haka wasa ne tsakaninmu tun ranar farko. Da safe sai ya leƙo ya ce, "Malam, yau ma mace ne ta kawo wake?" wai yana kwaikwayon Hausarmu. Ni kuma in ce masa Bakano ko a maƙabarta ya ga an taru sai ya tambayi me ake sayarwa. Matan layin ma sun raba mana kansu ba tare da kowa ya ce a raba ba: masu ƙosai da awara nawa ne, masu waina da kunu nasa. Kuma gaskiya ɗaya ce, layina ya fi nasa tsawo.

Sai aka cire tallafin man fetur. Injinmu da fetur yake aiki, in ba a zuba masa ba ko tari ba ya yi. Muka ƙara kuɗin markaɗe, mata suka yi ta tsine mana kamar mu muka cire. Wasu suka koma turmi, wasu suka daina sana'ar gaba ɗaya. Sai in wuni zaune a kan benci ina korar ƙuda, shi ma yana zaune a nasa bencin, mun rasa ma abin tsokanar juna.

A rediyo na fara jin cewa gwamnati za ta raba wa masu ƙananan sana'o'i injina masu aiki da hasken rana. Ni na ji, ni na gaya masa. Wannan ma ina so a riƙe. Tare muka shiga keke ɗaya zuwa ofishin da ke Doka, aka karanta mana sharuɗɗa: sai kana da rajista, sai kana da shago tsayayye, sai mai unguwa ya shaide ka, sannan sai an tabbatar tsadar mai ta taɓa sana'arka. Aka ce jami'ai za su zo shago su gani da idonsu, su ji daga bakin mai shi. Muka cika komai muka dawo muna dariya, yana cewa in aka ba Bazazzage sola sai ya shanya barkono a kai.

Da aka sanar da mu ranar zuwansu, na yi abin da duk ɗan gidan mutunci zai yi in zai yi baƙi. Na share shago tas, na shafe bangon da farar ƙasa. Na roƙi masu ƙosaina su kawo wakensu a wannan lokacin don a ga layi. Na zuba wa inji man da na yi kwanaki ina tattali. Na sa kaftanina na Juma'a da hula. A tunanina gwamnati ba za ta zuba ruwa a kwando ba, wanda ta ga yana motsi shi za ta ɗora wa. Ban da haka, a gidanmu an koya mana cewa ko da yunwa ka kwana, in baƙo ya shigo ka goge baki.

Su biyu suka zo, wata matashiya mai gilashi da wani dogon mutum riƙe da waya yana ɗaukar hoto da murya. Na kashe inji, na ba su benci. Na kawo lemo mai sanyi, suka ce doka ta hana su karɓar ko ruwa daga mai neman tallafi. Tun daga nan ya kamata in gane ba baƙi na yi ba.

Ta ce, "Baba, ina wuni. Yaya kasuwa?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya."

Ta dubi mai wayar, ta sake dubana. "Baba, yaya kasuwa tun da mai ya tashi?"

"Lafiya lau ne, 'yata. Ana ta fama, Allah na rufa asiri."

"Babu wata matsala?"

"Ba komai. Yaya naku aikin? Yaya mutanen gida?"

Wallahi ni gaisawa nake yi. Tun da nake ban taɓa jin Bahaushen da aka ce wa yaya kasuwa ya ce ta mutu ba. Ko shagonka ne ya ƙone jiya, amsar ke nan, sai an zauna an sha ruwa sannan a shiga magana. Ina jira ne a gama gaisuwa a zo kan tambayoyi. Yarinyar nan Bahaushiya ce, ta san abin da ke faruwa, na ga yadda take murza biro tana kallona kamar mai son ta ce wani abu. Amma waya na ɗauka, kuma daga baya na ji an hana su sa wa mutum magana a baki. Ta dubi layin matan da na tara, ta dubi farin bango, ta miƙe ta ce, "To Baba, Allah ya ƙara albarka." Har bakin titi na so in raka su, sai na ga sun shiga shagon maƙwabcina.

Shi ko shara bai yi ba. Yana zaune da singileti duk baƙin mai, ya kwance injinsa ya baje kayan cikinsa a ƙasa. Ta katanga nake jin komai. Tana cewa yaya kasuwa, sai ya ce, "Hajiya, wace kasuwar? Kasuwa ta mutu an binne ta. Yau ko kwano ɗaya ban markaɗa ba. Jiya gari muka sha a gidana." Ya yi ta zuba kamar an buɗe famfo, har da rantsuwa. Na tsaya ina jin kunya a madadinsa, ina cewa a raina Kanawa dai ba su iya rufin asiri ba.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne bai yi ƙarya ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma irinta sak ke gidana. Da ƙarya ya shirga, da na samu abin riƙewa.

Da sakamako ya fito, sunansa na ciki, nawa babu. Na koma Doka da fushina. Wani jami'i mai haƙuri ya zaunar da ni ya ce ƙa'ida ta yarda a ɗaukaka ƙara ne kawai in ma'aikaci ya yi kuskure. Ya kunna mini muryata. Na ji kaina, cikin natsuwa da fara'a, ina shaida wa gwamnati cewa ba ni da matsala. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai gaisuwa ne." Ya ce, "Na sani, Malam. Ni ma da haka zan amsa. Amma kuɗin jama'a ne, abin da mutum ya faɗa da shi ake aiki." Baki shi ke yanka wuya, in ji mutanen da. Ban taɓa zaton da alhamdu lillahi ma yana yanka ba.

Ranar da aka kawo masa kayan, layinmu ya cika kamar ana suna. Aka jera allunan sola a kan rufinsa suna ƙyalli, aka kafa sabon inji fari fes, da takarda manne a jikinsa cewa ba a sayarwa, ba a ba da aro, ba a ɗauke shi daga wurin. Na je na yi masa barka, na riƙe hannunsa na daɗe, haƙorana a waje. Hassada na yi, ba wani suna da zan ba ta. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, ni kaɗai na ishe shi takin shekara.

Na zama mai duban sama. Da damina ta faɗo, in na ga hadari ya taso daga wajen Kawo sai in ji sanyi a raina, in ce yau dai rana ta ƙi shi. Ashe akwai batir. Ana tsuga ruwa yana markaɗe. Kullum da safe ya hau tsani ya goge allunan da tsumma yana 'yar waƙa, ni ina ƙasa ina jan igiyar tsohon injina yana ƙi. Da yake ba ya sayen mai, ya sauke farashi, ni kuwa ba halin in sauke. Masu awara suka fara komawa wurinsa. Wata mai ƙosai da ta daɗe tana kawo mini, na gan ta ta ɓoye bokiti cikin hijabi ta wuce ƙofata tana kallon ƙasa. Ban ga laifinta ba, amma ban amsa gaisuwarta ba washegari.

Shi kansa ya daina tsokanata, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ya koma ce mini "Yaya" da ladabi, yana gaishe ni kamar mara lafiya.

Da abu ya kai maƙura na haɗiye girman kai na ce ya riƙa ba ni injin da rana in markaɗa wa 'yan ragowar mutanena. Ya nuna mini takardar da ke manne. Ya ce in aka ji ya ba da aro, ƙwacewa za a yi. Sai ya sassauta murya ya ce akwai wani sharaɗin: dole wanda aka ba tallafi ya ɗauki ma'aikaci kafin jami'ai su dawo dubawa, in ba haka ba nan ma ƙwacewa ce. "Yaya, wa zan ɗauka da ya fi ka sanin aikin nan? Ka rufa mini asiri, in rufa maka."

Na ce zan yi shawara. Na yi kwanaki ina jan ƙafa, kuma ba shawara nake yi ba. Hango motar gwamnati nake yi ta zo ta kwashe allunan nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma bencinsa. Mai ɗakina ce ta katse mini mafarkin. Ta ce, "Malam, in an ƙwace nasa, naka zai tashi ne?" Ta ajiye mini tukunyar da ba a ɗora ba a gabana ta shiga ɗaki.

Na kulle shagona, na kama aiki a nasa. Injin yana ciki har yanzu, na lulluɓe shi da buhu, na kasa kiran 'yan gwangwan su saye shi.

Sabon injin daɗin aiki gare shi, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Ba igiya, ba hayaƙi, maɓalli kawai za ka danna. Kuma ba shi da ƙara. Shekarun da na yi a nawa shagon ban taɓa jin abin da mata ke faɗa a layi ba, sai dai in ga baki na motsi. A nan kuwa komai a kunnena. Ran nan Bakanon ya fita, sai ga wata baƙuwa da bokitin wake, ta ce daga Katabu ta zo biki, an ce mata nan ne ake markaɗe da sola. Ta dube ni da furfurata ta tambayi matan, "Wannan ne mai shagon?"

Wata daga cikinsu, wadda na sani tun tana amarya, ta ce, "A'a, Alhaji ya fita. Miƙa wa yaronsa."

Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya gyara mata, don ba ta faɗi ba daidai ba. Na miƙa hannu na karɓi bokitin, na tambaye ta na ƙosai ne ko na alala.