Gorar Faki Shaame

Faki Shaame ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗana wa ɓeraye tarko a rumbunan shinkafar ƙauyensu a tsibirin Pemba. Wahalar banza ce, shi ma ya sani. Ka kashe goma yau, kafin ka juya uwarsu ta zubo wasu. Da ƙarfin jikinsa ya fara ja baya, sai dattawa suka ba shi sharar tsohuwar maƙabarta, inda ba a sare itace, ba a harbi. Dalilin ke nan jemagu suka tare a can, manya-manya masu jan ƙirji.

A nan ya gamu da abin da ya hana shi sakat. Macen jemage ɗa ɗaya take haifa a shekara, tana yawo da shi manne a jikinta. In ya suɓuce ya faɗo, ba ya iya tashi, sai dai ya yi ta jan ciki har hankaka ya gan shi. Faki ya samo doguwar gora, ya ɗaura mata tsumma a kai. Kowace safiya yakan bi tsakanin kaburbura, ya ɗora wanda ya faɗo a tsumman, ya miƙa shi reshe, uwar ta zo ta ɗauka. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gode masa. Haka ya tsufa, ya gaji, har kafaɗa ta daina ɗaguwa.

'Yarsa Mwatima ta zo daga tsibirin Unguja za ta tafi da shi. Ranar tafiya ta same shi a maƙabarta yana fama da wani ɗan jemage da ya faɗo, gorar ta ƙi kaiwa reshe.

"Baba, jirgi ba zai jira mu saboda ɓera mai fiffike ba."

"Da ɓera ne ai da na wuce, gobe uwarsa ta haifi takwas. Wannan kuwa shi ke nan gare ta. Kama mini."

"In ya cije ni fa?"

"Ke da ba ki tsoron surukarki?"

Ta yamutsa fuska, ta karɓa, ta ɗaga. Ɗan ya laluba ya kama reshe.

"To, an yi. Mu tafi."

Faki ya jingina gorar a bakin maƙabarta, inda duk mai wucewa zai gan ta. Ya bi bayan 'yarsa yana jan ƙafa, zuciyarsa ba daɗi, don ya san mutanen garinsu sarai. Kafin Juma'a wani zai kwance tsumman, ya tafi da ita kakkaɓar mangwaro.