Sunan da Malam Sani Bai Kira Ba

Har na bar aiki ban manta da ranar da Malam Sani ya tsaya a kotun iyali ba. Lokacin ina ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a nan Tamale. Aikinmu shi ne, idan aure ya mutu aka yi jayayya kan yara, mu ziyarci gidajen biyu mu faɗa wa kotu abin da muka gani.

Malam Sani tela ne a unguwar Lamashegu. Sun rabu da matarsa Rabi, za ta koma Kumasi da 'yarsu Zainab mai shekara bakwai. Shi kuwa ya roƙi a bar masa yarinyar, doka ma ta ba shi damar nema.

Ni da shugabata, Madam Akosuwa, muka je shagonsa. Zainab na zaune a gefe, bai dube ta ba ko sau ɗaya. Madam ta ce min, "Hajara, wannan uba ne kuwa?"

Na ce, "Madam, 'yar fari ce. Mu Hausawa uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Dubi rigar jikinta."

Riga ce shuɗiya, ya bi bakinta da furanni ƙanana, irin ɗinkin da ba a yi wa mai biya. Ni da na tashi da littattafan soyayya, nan take na gama tsara masa sulhu da Rabi a raina.

Madam ta fahimta, ta kuma bayyana wa kotu. Ranar shari'a ni ma na ja Malam Sani gefe a ƙofar kotu na ce, "Malam, don Allah yau ɗaya ka kira sunan 'yarka ta ji."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, Baffana na zaune a ciki. Da wane baki?"

A irin wannan shari'a ana jin ta bakin yaro. Mai shari'a ta tambayi Zainab inda take so ta zauna. Ta ce, "Wajen Mama. Baba ba ya sona, kullum 'ke' yake ce min."

Malam Sani ya dubi Baffansa, bai kira sunan ba. Aka ba Rabi riƙo, shi kuma lokacin hutun makaranta.

A waje Rabi da Zainab suka hau keke mai ƙafa uku. Sai da keken ya sha kwana, na ji Malam Sani a bayana ya ce a hankali, "Zainabu." Ni kaɗai na ji.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani kotu tana iya gane al'ada idan an yi mata bayani. Yaro ne ba ya ganewa. Tun daga ranar, kowane uba ya zo gabana sai na ce masa ya fara da faɗa wa ɗansa abin da yake shirin faɗa wa mai shari'a.