Irin Albasar da Sai An Sace

Gidan da aka kai ni aure a Madarumfa gidan ƴan lambu ne, kuma tun ban san inda ake ajiye muciya ba na san cewa da sata aka kafa arzikinsa. Uwar mijina ce ta gaya mini muna tsinkar lawashi, ko kunya babu, kamar mai ba da labarin wani waliyyi a dangi.

Kakan mijina, in ji ta, ya yi barantaka yana saurayi wurin wani mai lambu a ƙasar Katsina. Mutumin yana da wata albasa ja mai kauri, wadda ke kaiwa tsakiyar damina a rumfa ba ta ruɓe ba, kuma gara ka roƙe shi rigar jikinsa da ka roƙe shi irinta. Da saurayin ya tashi komowa gida ya roƙa, aka hana shi. Sai ya faki ido ya dumbuzi irin ya zuba a hula, ya kifa a kai, ya yi sallama cikin ladabi. An ce har ya iso bai cire hular nan ba, ko da zai gaida manya. Ya yafa irin a bakin tafki, inda ruwa ke janyewa bayan damina ya bar baƙar ƙasa, albasa kuwa ta karɓi wurin.

Kakan ya haifi maza biyu. Babban ya durƙusa ya nemi iri, aka ba shi har da sa albarka, tsutsa ta cinye shukar tun kafin dashe. Ƙaramin, wato surukina, bai tambayi kowa ba, ya ɗiba a ɓoye, tasa ta yi kyau. Daga nan magana ta zauna daram, cewa irin gidan nan ba ya tsira a hannun wanda aka ba, sai wanda ya sata. Ni dai a raina na ce wataƙila babban nan ragon ban ruwa ne kawai. Amma amarya ba ta gyara wa gidan miji tarihi, sai na ci gaba da tsinkar lawashina.

Bayan babban yaƙin Turawa da kaɗan aka kawo ni, lokacin surukina ya fara manyanta. Gajere ne, hannuwansa kamar taɓare saboda jan jigo, dogon icen nan mai guga a kai ɗaya da dunƙulen laka a ɗayan, wanda ake ɗebo ruwa da shi a kwarara wa shuka. Kowace shekara yakan ware albasa mafi kyau ya mayar ƙasa har ta yi fure, ya tara baƙin irin, ya cuɗa da toka, ya ɗura a wani ɗan gora da ya yi baƙi don tsufa. Albasarsa har Ɗan Issa da Maraɗi an san ta.

Mijina kuwa, ɗansa na fari, an kai shi karatu Katsina tun yana ƙarami, ya komo da rawani da tsoron Allah mai yawa. Manomi ne ba laifi. Yana noma gero da dawa, ya kuma rungumi gujiya, wadda mutanen Kano ke ce wa gyaɗa, don ita ce ƴan kasuwar Maraɗi ke rububi a lokacin, da ita kuma ake biyan lanho, harajin Nasara. Duk abin da ubansa yake so zai yi, ban da abu ɗaya. Ko tsinke ya tsinta a hanya sai ya nemi mai shi, balle a ce ya saci kayan mahaifinsa. Mutanen unguwa suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ƙanensa da ake sa wa rai ya tafi cin rani Kano ya zama ɗan tireda, bai sake waiwayar lambu ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kunyar ɗan fari. Surukina bai taɓa kiran sunan mijina ba, bai taɓa duban idonsa ya yi masa magana ba. In yana da saƙo, jakinsa yake gaya wa. Sai ka ga ya tsaya a turke yana shafa wuyan jakin, ya ɗaga murya ya ce, "Ka ji ko, wani mutum ya bar kalme cikin raɓa." Mijina yana daga zaure sai ya tashi ya ɗauko kalmen, wato fartanyarsa. Jakin nan ya sha nasiha fiye da kowa a gidan.

Shekara ta uku da zuwana, ciwon baya ya kama tsohon. Ya tara iri kamar kullum, amma damina na wucewa kowa ya ga ba zai iya jigo ba. Shi kuwa irin albasa ba ya jira. In lokacin yafi ya wuce yana cikin gora, zuwa baɗi ya mutu, abin da aka riƙe tun daga hular kaka ya ƙare ke nan.

Sai goran nan ya fara yawo. Yau a wayi gari yana kan dakalin zaure, inda mijina ke karatu. Gobe yana rataye a ƙofar ɗakinmu. Ran nan ma a cikin takalminsa aka same shi. Kowane lokaci mijina zai ɗauka da hannu biyu ya miƙo mini ya ce, "Kai ma Inna, Baba ya mance kayanai." Ni kuma in kai wa uwar mijina, ta karɓa tana tsaki, da yamma mu ji tsohon a turke yana cewa, "Kai jaki, ka taɓa ganin garin da ɓarayi sunka ƙare?"

Na yi wa mijina magana har bakina ya gaji. Na ce tsoho na so, kai na so, iri na mutuwa, me ya rage? Ya ce wuta ta rage. Da na matsa, ya shirya ya tafi Gabi wurin wani malami da yake girmamawa. Ya komo fuskarsa fes. Malamin ya ce masa in mai kaya ya yarda a ɗauka, ba sata ba ce, kyauta ce da ta biyo ta bayan gida. Mijina bai iya ɓoye murna ba. Ya shiga tsakar gida ya durƙusa daga nesa, ya maimaita wa uwarsa fatawar yadda tsohon zai ji, sannan ya miƙa hannu zai ɗauki goran da ke rataye a jikin rumbu.

Ban san mai ciwon baya na da sauri haka ba. Kafin hannu ya kai, tsohon ya fizge goran ya cusa a riga. Ya juya wajen turke ya ce, "Jaki, ka hwaɗa ma malamai, in ba sata ba ce, ba ta tsira. Na janye yardata. Wanda duk ya taɓa shi ban yahe ba."

Wannan karon da gaske yake. Goran ya daina yawo, ya ɓace ɓat, jaki ma aka daina yi masa magana. Maƙwabta suka yafa nasu iri, bakin tafki ya yi kore ko'ina ban da namu fangalin, wato ƴan filayen da ake tarewa da kunyar ƙasa don su riƙe ruwa. Gidan ya yi shiru irin wanda ba na so. Na ji haushin su duka biyun, na kuma ji tausayinsu, don kowa a cikinsu yana ganin shi ne ke tsare amana.

Wata safiya na aiki kaina ɗebo ruwa a tafki, mijina ya biyo ni zai duba gonar wake. Daga nesa muka hango tsohon a gindin jigo shi kaɗai. Ya jawo guga ta nutse, ya yi ya yi ya ɗago ta, ta ƙi. Ya saki igiyar ya zauna daɓas cikin laka, ya daɗe yana duban ƙasar da ba a shuka ba. Bai gan mu ba. Mijina ya juya muka koma gida har ƙofar zaure.

A nan na ce, "Malam, ni ban hwaɗi komi ba. Amma kazar Inna mai kwanci, kullum sai Baba ya tahi gaishe ta, shi da bai taɓa kula kaji ba."

Kashegari da hantsi tsohon ya hau jaki ya tafi suna wata unguwa. Ina daka na ga mijina ya fito ya duba gabas ya duba yamma, cikin gidan ubansa, da rana tsaka. Ya nufi akurki yana istigfari a bayyane. Ban taɓa ganin ɓarawo mai neman gafara tun kafin ya yi satar ba sai shi. Ya zura hannu, kaza ta sare shi, ya janye, ya sake zurawa. Ya fito da goran, hannu na jini, gashin kaza a rawani. Uwar mijina ta juya baya tana tankaɗe, tana danne dariya. Bai tsaya ba sai bakin tafki, inda ya yafa irin, kuma washegari ya tashi da azumi.

Tsohon ya komo ya leƙa akurki. Ya fito ya zagaya unguwa gida gida yana ba da labarin an yi masa sata, duniya ta lalace, mutum ba shi da amana ko a cikin gidansa. Masu jajantawa suka rasa yadda za su yi da fuskarsu, don shi mai kukan bakinsa har kunne. Amma bai taka lambun ba. Ya ce wa uwar mijina sai ya ga abin da ƙasa za ta ce.

Mu kuma muka shiga aiki. Mijina bai iya jigo ba, rabin ruwan a jikinsa yake ƙarewa, ni ina tare kunya da hannu. Kullum sai ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya tashi ya koma jigo. Na san abin da ke cin sa. In bai tsiro ba, ya yi zunubin banza, ya kuma kashe wa ubansa iri.

Ran da ƴan tsiron suka fito, siri-siri kamar allurai, ni na gudu gida na gaya wa Inna. Ba a jima ba sai ga tsohon yana dogara sanda, a ƙasa, shi kaɗai, ba jaki. Ya bi fangalin ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Mijina yana gindin jigo riƙe da igiya, kansa a sunkuye, yana jiran ya ji ta inda saƙo zai biyo.

Tsohon ya ɗago kai ya dube shi ido cikin ido. Ya ce, "Kai, ɓarawo."

Mutum mai gemu, mai ƴaƴa, wanda ubansa bai taɓa kira ba tun da aka haife shi. Igiyar ta kuɓuce masa, guga ta tashi sama ta watsa mana ruwa. Ni kuka ya zo mini, ban hana shi ba.

Ya ce, "Na'am, Baba."

"Ruwan ya yi yawa, albasa ba shinkahwa ba ce. Taho nan kusa in gwada maka."