Muryar Lem Gaskin da Jan Ɗankwalin Vernell

Gari na wayewa Mista Lemuel Gaskin yake isa ƙofar dajin garinmu Pinder, a nan arewacin Florida, cikin tsohuwar motarsa da ke tari kamar mai ita. Ya buɗe rumfar katako, ya share ma'auni, ya ɗora kofi, sannan ya tsaya riƙe da sarƙar ƙofa. Haka yake tun gashin kansa yana baƙi. Duk mafaraucin da zai shiga sai ya nuna izininsa. Lem ya dubi bindigarsa, ya kuma leƙa idonsa ko da kwalba ya karya kumallo. Wanda ya fito da abin da ya harbo, sai an aza a ma'auni kafin ya wuce.

Farauta a nan tana da lokutanta, kuma doka ce ta yanka su. Da kaka masu kwari da baka ne, bayansu masu adaka. In sanyi ya shigo sai manyan bindigogi da karnuka a bayan barewa, kowa cikin riga mai ruwan lemo don a hango shi daga nesa. Duk wannan bai taɓa hana Lem barci ba. Abin da ke tsinka masa zuciya shi ne bazara, lokacin talotalon daji.

Mai farautar talotalo ba ya sa ruwan lemo. Yana shiga kaya masu kalar ganye, ya jingina da gindin itace, ya yi shiru kamar kututture. A hannunsa akwai ɗan akwatin katako da yake gogawa yana kukan macen talotalo. Abu ɗaya yake jira ya ɓullo ta saman kaba: kan namijin. Kan nan kuwa ja ne, da fari, da shuɗi.

A tsakiyar wannan daji maƙabartarmu take. Kakanninmu da suka yi aikin tatsar ƙaron itace can aka binne su, can kuma muke kai namu har yau. Tun kafin a zo da shinge da dokar farauta, matan Pinder suna shiga sharar kaburbura a makon Ista. Mu cire ciyawa, mu wanke kokon katantanwar teku da muke jerawa a kai, mu sa fure. Makon Ista kuwa kusan kullum a lokacin talotalo yake faɗowa.

Ba wanda ya sa Lem kula da mu. Ba ya cikin aikin da aka ɗauke shi. Shi ya rataya riguna masu ruwan lemo a bayan rumfarsa, shi ya kafa mana sharaɗi: ba mai shiga sai rana ta karkata, lokacin da doka ta ce bindigogi su yi shiru. Kuma ba ja, ba fari, ba shuɗi daga wuya zuwa sama.

"Mis Ozella, cire wannan farar hular," ya taɓa ce mini.

"Hular cocina ce, Ɗan'uwa Lem. Kai ka saya mini?"

"Ban saya ba. Amma in kin shiga da ita, a kan akwatinki za a ɗora ta."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

"Ya sara. Cire dai."

Na cire ina zaginsa. Kowa ya zage shi, kowa ya cire.

Akwai wani abu game da Lem da duk Pinder ta sani. Mutumin nan ba ya iya waƙa. Muryarsa kamar an taka kwaɗo a cikin bokiti. Sau ɗaya ya shiga ƙungiyar mawaƙan coci, mai kiɗa ta ce, "Ɗan'uwa Lem, Ubangiji yana jin masu motsa leɓe ma." Tun daga ranar leɓe kawai yake motsawa. Mun yi shekaru muna masa dariya, shi ma yana taya mu.

To, ga abin da ya faru ranar Juma'ar Ista ta bara, kuma da idona na gani.

Ƙanwata Vernell mijinta Purvis ya rasu da damina. Tun daga nan hankalinta yake zuwa yana komawa. Da safen nan na leƙa gidanta, ba ta nan, ba tsintsiya, ba manjagara. Na duba ƙusar da take rataye jan ɗankwalin da Purvis ya saya mata, babu. Na ja mota zuwa ƙofar daji ko takalmi ban sa daidai ba.

"Vernell ta wuce nan?"

"Ba ta wuce ba, Mis Ozella."

"To ta bi ta tsohuwar hanyar bayan coci, inda wayar shinge ta faɗi. Lem, da jan ɗankwalin ta tafi."

Kofin hannunsa ya ajiye a hankali, kamar zai fashe. Ya san abin da ban sani ba. Da safen nan ya buɗe wa wani baƙo daga birni, kuma gefen maƙabarta mutumin ya nufa. Wayar salula ba ta kamawa a cikin dajin. Dokar aikinsa ta ce kada ya bar ƙofa muddin akwai bindiga a ciki. Ya dubi sarƙar, ya dube ni.

"Shiga mota."

Muka tafi yana danna oda ba ɗagawa. Ba mu yi nisa ba ruwan fadama ya cinye hanya, mota ta kafe. Lem ya fito. Mutum ne mai gwiwa ɗaya ta kirki, ɗayar ƙarfe likita ya sa mata. Ya faɗa ruwan har cinya, ruwan da kada ke kwana a ciki, ina biye da shi ina haki.

"Kada ki ɗaga hannu, kada ki yi gudu," ya ce. "Motsi yake jira."

"To me za mu yi?"

Daga gabanmu, can cikin itatuwa, muka ji shi: ƙyak, ƙyak, ƙyak. Akwatin katakon ne. Mutumin yana kira, wato ya ga wani abu yana lallashinsa ya matso. Ba mu ganin sa. Ba a ganin su. Kowane kututture a wurin zai iya zama shi.

Sai na hango ta. Vernell gajeriya ce, ga shi ta durƙusa a kan kabarin Purvis a tsakiyar kaba. Baiwar Allah har da tsohuwar riga mai ruwan lemo ta sa, ta tuna wannan rabin sharaɗin. Amma kaba ta rufe rigar ruf. Abin da ya fito sama kawai jan ɗankwali ne da furfura a gefensa, yana sunkuyawa yana ɗagowa, yana sunkuyawa yana ɗagowa, tana cirar ciyawa. Ni 'yar'uwarta, da muka sha nono ɗaya, wallahi talotalo na gani.

Na buɗe baki in kira sunanta, na fasa. Da na kira, Vernell za ta miƙa wuya ta waiga, abin da mai bindiga yake jira ke nan.

Lem ya cika ƙirjinsa da iska ya saki waƙa. Waƙar da muke raka gawa da ita ce. Ya kwarara ta da wannan muryar kwaɗon, ba kan gado, ba daɗi, har tsuntsaye suka watse daga saman itatuwa. Bai tsaya ba. Yana rerawa yana tafiya, yana jan ƙafar ƙarfen, ya bi ta fili inda kowa zai gan shi, har ya tsaya tsakanin Vernell da inda kukan akwatin ya fito. Ya ba dajin ƙirjinsa. Bai yi shiru ba.

Wani kututture ya motsa. Ya zama mutum. Bindigar tana kafaɗarsa, bakinta a kan Lem, sannan a hankali ta yi ƙasa. Mutumin ya cire ƙyallen fuskarsa, ya dubi Vernell, ya juya ya yi amai a gindin itace.

Vernell ta ɗago kai ta ce, "Ɗan'uwa Lem, don girman Allah yi shiru. Purvis bai yi maka laifin komai ba."

Yanzu ku ji sakayyar da aka yi masa. Wasu mafarauta da ke wani gefen dajin suka kai ƙara. Wai oda da ihu sun kore musu talotalo, wai sun fito sun tarar da ƙofa ba kowa. Masu kula da dajin suka ce gaskiya ne, doka ta hana damun mai farauta a lokacinsa, kuma mai gadi ya bar wurin aikinsa. Ba su zo Pinder sun tambayi kowa ba. Suka ce shekarunsa sun kai, ya huta. Suka kwashe rigunan bayan rumfa, suka kulle ta, suka kafa akwatin ƙarfe inda mafarauci zai jefa katinsa ya wuce. Ni ban yi makaranta ba, amma a gaya mini: akwatin ƙarfe zai ce wa tsohuwa ta cire hula? Akwatin ƙarfe zai shiga ruwa?

Kai ne, Lem, ka tsare mu shekara da shekaru muna zaginka. Kai ne ka bar ƙofa don ka san abin da aka sa ƙofar ta tsare. Katangar matan Pinder, mai muryar da ta fi bindiga kai wa nesa. An sallame ka da tabon laifi, ko kai ba ka ɗaga ba. Da na ce maka mu je mu yi rigima, cewa ka yi, "Mis Ozella, Vernell tana cin kifinta da burodin masara, me kuma zan nema?" To kai ka yafe. Ni ban yafe ba.

Kai kuma baƙo mai bindiga, ban san sunanka ba, amma ka san kanka. Ba kai ka kai ƙara ba, na sani. Amma shirunka ya fi ƙarar ciwo. Ka san inda yatsanka yake lokacin da waƙar nan ta tashi. Yau kana kwana a gadonka ba a kurkuku ba, ba ka ɗauke da ran tsohuwa, saboda wani gurgu ya tsaya a bakin bindigarka. Ka zo ka faɗa. Baki ɗaya ne, ka buɗe shi.

Abu biyu muke nema: a wanke sunan Lemuel Gaskin, a kuma mayar da ɗan Adam mai ido da baki ƙofar nan kafin bazara. Ga ta nan tafe. Ciyawa ta rufe kaburbura, Vernell ta fara tambayar ina manjagararta, wayar shingen bayan coci har yau a ƙasa take. Na ɓoye jan ɗankwalin, amma tana da shuɗi. Ba na barci.

Mun gode, Lem. Allah Ya riƙa maka gwiwarka, Ya tsare ka yadda ka tsare mu. Ku kuma matasan Pinder da ke ganin gadi ƙaramin aiki ne, ku je ku zauna kusa da shi tun yana da rai, ku koyi inda mutum yake tsayawa.

Ranar Lahadin da ta wuce aka ɗauko waƙar nan a coci. Lem yana bencin baya yana motsa leɓe kamar kullum. Mai kiɗa ta ɗaga hannu daga molonta, ta juyo ta ce, "Ɗan'uwa Lem, ba ma jin ka."

Ya rera. Muryar tana nan yadda take. Ba wanda ya yi dariya.