Yadda Na Kashe Zauren Kakana Da Siminti

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Na daɗe ina karanta kurakuran mutane a shafin nan ina girgiza kai, to yau ga nawa. A shekarun da kuɗin man fetur suka fara malalowa ƙasar nan, ni magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ƙaramin ɗan kwangila a birnin Katsina. Ban san komai ba a harkar gini, wallahi ko cebur ban iya riƙewa ba. Abin da na iya kawai shi ne in samo siminti in kai inda ake nema, kuma a lokacin kowa nemansa yake yi ido rufe. Kafin ka ce me, na sayi mota, na ɗinka shadda kala-kala, na ɗaura agogo mai sarƙa. Kaina ya kumbura, har nake ganin duk wanda bai yi tunani irin nawa ba baƙauye ne, ko da kuwa shi ya haife ni.

Gidanmu yana Ƙofar Durbi, gidan ƙasa ne na gado, kuma da zaurensa aka san shi. Kakana ya sa aka gina zauren tun kafin a haifi mahaifina. Kaurin bangonsa ya isa mutum ya kwanta a kai. Rufin na azara ne, da bakan gizo guda huɗu da suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, a waje kuma ga zankaye sun miƙe a kusurwoyi, ga zane a goshin ƙofa. Ko bazara ta kai bazara, ka shiga ciki sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa. Baba maɗinkin manyan riguna ne, da idonsa ya yi rauni sai ya ajiye allura, ya zama a zauren yake wuni bisa buzunsa, tsofaffin unguwa suna zuwa ana hira. Akwai maganar da yake yawan yi har na haddace ta. Yakan ce ta ƙofar nan aka fitar da gawar mahaifinsa, ta nan aka fitar da yayyensa biyu, shi ma ba ya roƙon komai a wurinmu sai mu fitar da shi ta nan.

Duk shekara, kafin ruwan farko ya sauka, ana yi wa zauren yaɓe. Jakuna za su kawo ɓawon ɗorawa daga wajen Batagarawa, mata su jiƙa shi a manyan tukwane har ruwan ya yi duhu, shi ne makuba, a kwaɓa da jar ƙasa. Sai wani tsohon magini ya zo da 'ya'yansa biyu, su ma magidanta. Mahaifinsa ne ya gina zauren, don haka ya san shi ciki da bai. Zai hau rufin ba takalmi, yana tafiya a hankali yana danna diddige, inda ya ji laushi ya tsaya. Ya share indararo don ruwa ya sami hanyar zuba nesa da bango, ya cike duk wata tsaga, ya shafe bangon da tafin hannu. Kwana uku ko huɗu ana abu ɗaya, ƙofar gida duk caɓi, ga warin makuba. Ni dai abin nan haushi yake ba ni tun ina yaro.

Rannan ana tsakiyar yaɓe sai ga wani abokin harkata daga Kano, babban ɗan kwangila, mutumin da nake so ya ɗauke ni da daraja. Yana fitowa daga mota ya taka caɓi, ga wani ɗigon laka ya faɗo daga sama ya sauka a kafaɗar farar rigarsa. Ya dubi zauren, ya dube ni, ya fashe da dariya. Ya kwaikwayi maganarmu ta Katsinawa, ya ce ashe mai raba wa gari siminti a cikin rumbu yake kwana. Na yi dariyar yaƙe, amma wallahi maganar nan ta soke ni har ƙashi. Yana tafiya na shiga wurin Baba na ce mashi wannan shi ne yaɓe na ƙarshe a gidan nan. Zan sa a shafe zauren da siminti, a ɗora mashi kwano, a yi fenti, kowa ya huta.

Baba bai ce a'a ba, ya ce dai a kira maginin a ji ta bakinsa. Tsohon ya sauko daga tsani, ya wanke hannu, ya zauna ya yi mani bayani a natse. Ya ce bangon ƙasa yana shan ruwa da damina ya fitar da shi da rani, in aka rufe mashi fuska da siminti, ruwan da ya shiga ba shi da mafita, ciki zai zauna ya ci bangon. Ya ce tsagar da muke gani yanzu mu cike, in an shafe ba za mu ƙara ganinta ba, amma tana nan. Ya ce in dole sai na yi kwano, to a kafa mashi ginshiƙai nasa daban, a bar bakinsa ya zarce bango sosai, kada a taɓa zankaye, kada a toshe indararo. Kun san abin da na ce wa dattijon nan, sa'an mahaifina? Na ce abincinsa na shekara yake karewa. A gaban 'ya'yansa na faɗa. Baba ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ɗauki takalmansa ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya fita. Tir da wannan baki nawa! Baba kuwa cewa ya yi yanzu ni ke da ƙarfi a gidan, in yi abin da na ga dama, amma don Allah kada a taɓa cikin zauren.

Na kwaso birkiloli da kafinta daga wuraren da nake kai siminti. Mutanen kirki ne kuma sun iya aikinsu, amma aikin bulo suka sani, ba su taɓa hulɗa da ginin ƙasa ba. Zankayen suka tare wa kwano hanya, na ce a sare su. Aka kafa katako a saman bango, aka yi ta dukan ƙusa har ina jin ƙasa tana zubowa a ciki. Aka zare indararo aka toshe ramukan. Aka buga ragar waya a jikin bango, har bisa zanen goshin ƙofa, aka bi da siminti. Kafintan ma sai da ya ce mani bakin kwanon ya yi gajarta, ruwa zai riƙa sauka a kan bango. Na ce ya bar shi haka, so nake a ga fenti tun daga bakin titi. Aka shafa shuɗi mai ɗaukar ido. Jama'a suka yi ta zuwa kallo, ana cewa ɗan gidan nan ya yi zuciya. Gidaje uku a layinmu suka kwaikwaye ni, kuma ni na samo masu simintin. Abokin nan na Kano ya dawo ya ce yanzu na zama mutum, ni kuma sakarai har da washe baki.

Daminar farko lafiya lau, na yi ta yi wa mutanen gida gorin ga shi ba caɓi ba wari. A ta biyu Baba ya fara cewa zauren ya canza, bango yana gumi, buzunsa kullum da danshi, wurin yana warin tsohuwar rijiya. Na ce sanyin tsufa ne ke damunsa, na sayo mashi darduma mai kauri. Simintin ya tsage a kusurwa, na aiko aka liƙe da wani simintin aka maimaita fenti. A ta uku ya ce mani wani gari-gari yana zubo mashi a cinya daga rufi, yana jin gara ce ta shiga azara, don Allah in je in ba maginin haƙuri ya zo ya duba. Na ce to, sai na dawo daga Kaduna. Na dawo na ce sai na dawo daga Legas. Gaskiyar magana ba lokaci na rasa ba. Ta yaya ni, mai mota, zan je in durƙusa wa mutumin da na ci wa mutunci? Wannan banzan girman kai shi ya riƙe mani ƙafa wata biyu cur.

Ashe tsohon bai daina bi ta layinmu ba. Ana cikin marka, ruwa kwana da kwanaki, ya zo wucewa ya tsaya ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya ji yana amsawa kamar ƙwaryar da ba komai ciki. Ya zura sandarsa ta wata tsaga a gindin bango, ta shige har mariƙi kamar cikin kunu. Bai nemi izinin kowa ba, ya shiga ya kama hannun Baba ya fito da shi, ya ce wa mutanen gida kada wanda ya ƙara bi ta zauren, a fasa katangar baya a riƙa fita ta can. Aka aika aka kira ni. Kuna tsammanin na gode mashi? Ina! Da faɗa na iso. Na ce so yake ya kunyata ni a unguwa don maganarsa ta fito. Na shiga tsakiyar zauren ina buga ƙafa a ƙasa, ina cewa ga shi nan daram, a mayar wa Baba da buzunsa. Baba, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daka mani tsawa ya ce in shi ya haife ni in fito yanzu. Na fito ina huci.

Kwana biyu tsakani, da hantsi, ruwa ya ɗauke kenan, muna tsakar gida muka ji wani irin nishi mai nauyi, sai rugugi. Rufin ya zauna gaba ɗaya, bakan gizon nan huɗu suka karye, kwano ya lanƙwashe a kai. Daidai inda Baba ke zama tulin ƙasa ya fi tsayina. Da na zagaya ta waje sai na ga abin da har yau nake mafarkinsa. Fuskar simintin tana nan tsaye, shuɗiya, da ƙofarta, fes kamar ba abin da ya faru, bayanta kuwa babu komai. Mutane suka taru suna salati. Da sun zage ni da ya fi mani sauƙi.

A ranar na tafi gidan maginin, na cire takalmi na durƙusa, abin da ya kamata in yi tun wata biyu baya. Na ce ya yafe mani, ya zo ya tayar da zauren yadda yake, ko me ake bukata zan kawo. Bai yi mani gori ba ko kaɗan. Ya miƙo hannuwansa ya nuna mani yadda suke rawa. Ya ce ɗaura bakan gizo ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma 'ya'yansa sun watse, ɗaya yana leburanci a wurin buga bulo, ɗaya ya bi manyan motoci, tunda masu gidaje sun daina kiransu yaɓe. Na yi yawo har Daura da Zariya ina neman magina. Waɗanda na samu suka ce za a iya, amma sai ƙasa ta bushe, a nemo azarar tsohuwar giginya, a yi bango a rani ɗaya, rufi a rani na biyu. Na ce ko a ninka ma'aikata a gama da wuri? Suka ce ginin ƙasa ba ya jin gaggawa. A karo na farko na ga abin da siminti da mota ba su iya yi mani ba.

Kafin nan sai na sa aka rushe fuskar simintin da ta rage, na sa ƙofar ƙarfe a gurbin, na kafa wa Baba rumfar kwano a gefe. Zafi ya hana tsofaffin unguwa zama, suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama shi kaɗai yake wuni. Bai taɓa ce mani ga abin da ka jawo ba. Sai dai wani lokaci in gan shi ya kai hannu baya yana laluben bangon da zai jingina, ya tuna, ya mayar da hannun cinya. Baba bai kai rani na biyu ba, ya rasu ana kan neman azara, ko bangon ba a fara ba. Da aka ɗauko makararsa, ta ƙofar ƙarfen nan muka fitar da shi, a gefen tulin jar ƙasa, har sai da aka karkata ta don ƙofar ta yi ƙunci. Abu ɗaya tak mutumin nan ya roƙe ni a duniya, na kasa yi mashi.

Maginin ya zo jana'iza yana dogara sanda. Shi ya ce a zaro guntayen azarar da gara ba ta ci ba daga cikin tulin, a ɗebi ƙasar zauren a buhu a tafi da su maƙabarta. Azarar aka jera a bakin kabarin, aka kwaɓa ƙasar, ya durƙusa da hannuwan nan masu rawa ya shafe ta da kansa, a hankali, yadda yake yi duk shekara. Ni ina tsaye da shaddata, kuka nake kamar ƙaramin yaro.

Yau na girmi Baba a shekarun da ya rasu, kuma haushin kaina bai sake ni ba. Ban ce siminti ko kwano mugun abu ba ne, a cikinsu nake kwana. Laifina shi ne na taɓa abin da ban sani ba, aka gaya mani gaskiya na zagi mai faɗa, don kawai wani baƙo ya yi mani dariyar minti ɗaya. Biyu daga cikin gidajen da suka kwaikwaye ni su ma sun rasa zaurukansu, wannan ma yana wuyana. Don haka duk wanda Allah ya bar wa tsohon gini na gado, kuma ya sami abin hannu yana son gyara, don Allah ya nemi waɗanda suka san ginin tun suna raye, ya zauna ƙasa ya saurare su. In tsohonka ya ce bango yana gumi, tashi ka duba a ranar, kada ka sayo mashi darduma. Ni ban sake gina zauren ba, don wanda zan gina wa ya tafi. Ƙofar ƙarfen tana nan, kuma na gaya wa 'ya'yana kada su canza ta, ta nan nake so a fitar da ni.