Abin da Wayar Malam Mode Ta Sani

Malam Mode ne ladanin masallacin Juma'a na unguwarmu a Wurno. A Magarya aka haife shi, ya yi noman albasa har bayansa ya ƙi, sannan ya dawo gari da matarsa Turai. Ban taɓa ganin mai gudun abin kunya irinsa ba, ko hularsa ce ta karkace sai ya waiga ya ga ko an lura.

Ranar Juma'a da hantsi yakan haɗa wayarsa da lasifika ya saki karatun Alƙur'ani. Zayyanu mai cajin waya ne ya saka masa manhajar sauraro, irin wadda in abu ya ƙare take zaɓo wani da kanta. Da farko ya yaba mata, har yana cewa ta fi wasunmu hankali.

Sai dai wayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Turai takan karɓe ta in tana tsintar wake, ta sha waƙoƙin biki da kiɗan ƙwarya. Manhajar kuwa ba ta san miji da mata ba, mutum ɗaya ta ɗauke su.

Bara Turai ta rasu, manhajar ba ta daina kawo waƙoƙinta ba. A gida Mode yakan bar su su yi ta yi, ya zauna yana saurare. A masallaci kuwa tashin hankali ne. Ba ya matsawa daga wayar, yatsa a kanta, yana jiran sura ta ƙare ya riga ta zaɓe. Ni da ke sahun gaba ma idona na kan wayar.

Wata Juma'a baƙo ya tambaye shi wurin alwala, ya juya ya nuna masa. Sai guɗa ta tashi a lasifika, ƙwarya ta biyo baya. Nan take ya fizge wayar, amma har bakin kasuwa an ji. Liman bai yi faɗa ba, ya dai ce in aka sake, wani zai karɓi aikin.

Washegari na raka shi wurin Zayyanu.

"Ana iya hana ta zaɓe da kanta, Baba," in ji Zayyanu.

"Ban yarda da ita ba. In ta tuna hwa?"

"To sai a goge duk abin da tas sani."

Mode ya daɗe yana juya wayar a hannu, sannan ya miƙa.

Yanzu karatu kaɗai take kawowa, aikinsa ya tsira. Amma bayan kwana biyu ya koma shagon, ya ce a nemo masa waƙa guda cikin na Turai.

"Mi as sunanta, Baba? Wa yay yi ta?"

"Ban sani ba. Ita ka zaɓe."

Ya gwada rerawa ko Zayyanu zai gane. Ya tsaya a baitin farko. Sauran bai riƙe ba.